Kece raini ne ke juya kasuwar atamfa

Duk wanda ya zagaya layin masu atamfa a kasuwar Maraɗi, ko Ƙonni, ko Jibiya, zai lura da abu guda: zane iri-iri ya cika kanti, amma mai tsada turame kaɗan ake ajiyewa na kowane iri. Mu da ke yawon kasuwannin bakin iyaka mun san dalili. Mace mai hali abin kece raini ranar biki take nema. In ta ga irin zaninta jikin mata biyar, to ya faɗi a idonta, ko da bai taɓa shiga ruwa ba.

Shi ya sa atamfar kamfanin Vlisco na ƙasar Holan, wanda aka kafa a 1846, da shaddar Getzner ta Ostiriya suke riƙe da sunansu. A wajen ganin lefe, dangin amarya kan duba bakin turmi kafin su yaba launi.

To amma da zarar zane ya yi suna, sai kwaikwayonsa ya taso daga ƙasar Sin, ya sauka Kwatano ko Lome, ya iso mana da araha. Talaka ya ɗaura, masu hali su gudu zuwa wani sabo, masaƙu su sake fitar da wani. Wannan tsere shi ke yawaita zane, shi ne kuma ke gajarta kwanan kowane yayi. Arahar kayan waje na cikin abin da ya durƙusar da masaƙar UNTL ta Kaduna a 2007.

Anko kuwa akasin haka ne. A nan zane ɗaya ake so, turame da yawa, kuma mai sauƙin kuɗi, don uwar biki ta nuna tana da jama'a.

Jama'a, kasuwa biyu ke nan cikin kanti ɗaya, kuma wanda ya gama su jarinsa ke kwanciya. Idan ba a manta ba, Najeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Hatsi na iya jiran buɗe hanya, amma yayi ba ya jira.

Don haka muke jan hankalin ƴan sari: mai tsada a ɗauko iri da yawa, kaɗan-kaɗan. Dila sukutum kuwa a bar ta sai an karɓi kafin alƙalamin anko, ko Salla ta gabato. Iya ruwa dai fid da kai. Allah ya ba da kasuwa.