Karfasa: iri nagari da ruwa mai kyau

Yau zancenmu a kan kifin karfasa ne, wanda wasu ke kira gargaza.

A ƙasar Damagaram babu babban kogi, amma akwai tabkuna. Akwai na Gidimuni, akwai na Lasuri, akwai na kwarin Korama. Ana zuba ƴaƴan kifi a tabki don masunta su sami abin kamawa. To, sau da yawa bayan ƴan shekaru sai karfasa ta yi yawa, amma duk ƙanana. Mai saye ba ya son su, masunci kuma ya sha wahalar banza. Me ke kawo haka? Abu biyu ne: iri da wurin kiwo.

Mu fara da iri. Kai manomi ne, ka san yadda ake yi da gero. In an yi girbi, kana ware manyan zangarniyoyi ka ajiye don shuka. Ba ka cinye masu kyau ka shuka marasa kyau. Kifi ma haka yake. Ɗa yana gadon saurin girma daga uwa da uba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ga abin da ya faru a wata ƙasa mai nisa, sunanta Filipin, a nahiyar Asiya. A shekarar 1988 masana suka fara tara karfasa iri 8. Iri 4 daga ruwayen Afirka aka kai su, wato Masar, Gana, Kenya da Senegal. Sauran 4 kuwa waɗanda aka daɗe ana kiwo a Asiya ne. Suka gwada su a wurare dabam dabam: a kududdufin kiwo, a keji cikin ruwa, har a gonar shinkafa. Irin Masar da na Kenya suka fi girma, na Gana ya zo baya.

Daga nan suka haɗa irin duka. In ƴaƴa sun girma, sai a zaɓi waɗanda suka fi saurin girma, su ne za su haifi na gaba. Babu allura, babu magani, zaɓe ne kawai. Da aka yi haka sau 5, sai saurin girman kifin ya ƙaru da kashi 85 cikin 100. Sunan wannan iri GIFT. Daga baya mutanen Gana ma suka yi zaɓe cikin karfasar kogin Volta, suka fitar da irin da ake kira Akosombo, mai girma da sauri. Ka ga ashe irin gida ma yana gyaruwa.

Yanzu dubi abin da muke yi a tabkunanmu. Muna kama manya mu kai kasuwa, ƙanana su zauna su hayayyafa. Wannan daidai yake da cinye zangarniya mai kyau, a shuka maras kyau.

Sai abu na biyu, wurin kiwo. A gwajin Filipin an ga irin da ya yi gaba a wuri ɗaya yakan yi gaba a sauran wuraren. Amma inda ruwa ba shi da abinci, kowane iri bai yi girman kirki ba. Iri nagari ba ya girma shi kaɗai. Yana bukatar abu uku.

Na ɗaya, ɗumi. Karfasa ta fi girma in zafin ruwa ya kai wajen digiri 28. In ya sauka ƙasa da 20, sai ta rage ci, girma ya tsaya. An ga haka a nan Nijar. A shekarar 1981 aka fara aikin kiwon karfasa cikin keji a kogin Isa, aka kuma kafa wurin ƙyanƙyasar ƴaƴan kifi a Sona, wajen Tilaberi. Da zafi kifi ya yi ta girma, da dari kuwa sai ya ja baya. Don haka kada ka yi tsammanin ƙiba cikin hunturu.

Na biyu, abinci. Karfasa tana cin ƙananan tsirrai da ke sa ruwa ya yi kore. Takin dabbobi kaɗan yana ƙara su a kududdufin kiwo. Dusar gero ko ta shinkafa ma abinci ce. Amma kada ka zuba taki a ruwan da mutane ke sha.

Na uku, sarari. Karfasa tana haihuwa tun tana ƙarama. Uwar tana riƙe ƙwai cikin bakinta har su ƙyanƙyashe, kuma duk kwanakin nan ba ta cin abinci. Shi ya sa namiji ya fi mace girma. In ƴaƴa sun cika ruwa, abinci ba ya isa, kowa ya tsumbure. Tarwaɗa kaɗan tana taimakawa, domin tana cin ƴaƴan da suka yi yawa.

To, me ya kamata ku yi? Ku masunta ku haɗa kai, ku sa doka a kan tabkinku. Ku ware manyan kifaye masu lafiya, maza da mata da yawa, ku bar su don iri. Ku rage ƙanana in sun cika ruwa. Lokaci lokaci ku nemo sabon iri daga wani tabki, don kada dangi ɗaya su yi ta haihuwa da juna, iri ya lalace.

Wani zai ce a kawo irin waje mana. A yi hattara. Baƙon kifi yana iya shigowa da cuta, kuma in ruwa ya yi ambaliya ya gauraya da na gida, ba a iya raba su. Kafin ka zuba kowane kifi, ka shawarci ma'aikatan ruwa da gandun daji na yankinku.

Ga tambayoyi ku tattauna da malaminku:

1. Me ya sa karfasa ke tsumburewa a tabki?
2. Wane kifi ya kamata a bari don iri?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.