Ba Fad Ba Ne Mai Laifi: Raddi Kan Gyaran Birkin Gaba Mai Kamawa

Duk mai riƙe da tsohuwar mota ya san alamun. Mota ta yi nauyi, sitiyari yana ja gefe guda, ɗaya daga tayoyin gaba ta ɗauki zafi har da ƙauri, ga shan mai fiye da ƙa'ida. Amsar da aka fi ji a tasha da gareji ita ce: "Fad ne, a canza fad." Ina girmama iyayen gidanmu makanikai, domin albarkacin hannunsu ne motoci irin su Golf da Corolla da Peugeot 406 masu shekara ashirin da ɗoriya suke kan titi har yau. Amma a wannan maganar, ina ganin an bar jaki ana dukan taiki.

A ba masu wannan ra'ayi haƙƙinsu, ba haka kawai suka faɗa ba. Idan aka kwance taya, fad ɗin ake tararwa ya cinye ko ya ƙone. Idan aka sa sabo kuma, motar takan saki. Wani lokacin ma da gaske fad ne, in tsatsa ta cika mazauninsa ko an sayo wanda bai yi daidai da motar ba, har ya kasa motsi. Sai dai a mafi yawan lokuta ƙonewar fad sakamako ne, ba sanadi ba. Sauƙin da ake samu bayan canji kuwa, dalilinsa shi ne kafin sabon fad ya shiga dole makanike ya tura fistin baya da ƙarfi. Turawar ce ta sake shi na ɗan lokaci. Bayan 'yan makonni sai a koma gidan jiya, an yi asarar sabon fad.

Fad ba ya matse kansa, ba ya kuma sakin kansa. Idan direba ya taka birki, masta ke tura man birki ta cikin bututu zuwa kalifa, man ya tura fistin, fistin ya danna fad a jikin faifan birki. Idan ya ɗaga ƙafa, wata robar zobe da ke kewaye da fistin ce take ɗan janyo shi baya, kalifar kuma ta zame a kan ƙusoshinta biyu, man ya koma ta wata ƙaramar ƙofa a cikin masta. Duk inda wannan komawa ta samu cikas, birki zai kama. Wuraren cikas ɗin huɗu ne: ƙusoshin kalifa sun bushe sun yi tsatsa, fistin ya maƙale, tiyon roba ya ruɓe ta ciki yana barin mai ya wuce amma yana hana shi dawowa, ko ƙofar masta ta toshe.

Gane wanne ne daga ciki ba ya buƙatar kwamfuta. A ɗaga gaban motar da jak, a tallafe ta da kyau, a taka birki sau da yawa a saki, sannan a juya taya da hannu. Idan ta ƙi juyawa, a ɗan sassauta ƙaramin notin da ake fitar da iska a jikin kalifa. In mai ya feso taya ta saki nan take, to kalifa lafiyarta ƙalau, man ne ya kasa komawa. Taya ɗaya ce ke yin haka, a zargi tiyo; biyun ne tare, a duba masta da sandar da ke tura ta. In kuwa an sassauta notin taya ba ta saki ba, matsalar tana jikin kalifa. A zare ƙusoshin, ya kamata su shiga su fita da yatsa. Tsohon fad ma shaida ne: idan na ciki ya cinye na waje yana nan da kauri, ko ya ci a karkace, ƙusoshin nan za a fara tuhuma.

Me ke jawo tsatsar tun farko? A nan wata al'adar tamu take shigowa, wato ƙara man birki ba tare da an taɓa zubar da tsohon ba. Man DOT 3 da DOT 4 yana tsotsar danshi daga iska. Bisa ƙa'ida, sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 na Salsiyos, amma idan ya sha ruwa ma'aunin yana sauka zuwa 140. Na DOT 4 kuwa daga 230 zuwa 155. Ruwan nan shi ke cin fistin ta ciki. Kuma birkin da ke kamawa yana dafa man, har wata rana a kan gangara a taka birki ƙafa ta tafi ƙasa babu komai. Shi ya sa kamfanonin mota da dama suke cewa a canza man duk shekara biyu. Ta waje kuma, idan robar da ke rufe fistin ko ƙusa ta yage, ƙurar hunturu da ruwan damina sun samu ƙofa.

Gyaran ma akwai inda ake ɓata shi. Giris na yau da kullum, man inji da fetur duk suna kumbura robar birki, sai ƙusar da aka shafa wa giris jiya ta fi maƙalewa gobe. Giris na silikon shi ne nata. Fistin da tsatsa ta rarake ba a goge shi a mayar, canza shi ake yi tare da robobinsa, ko a sa wata kalifar. Tiyo da fad kuwa ana canza su hagu da dama tare, don kada motar ta riƙa ja gefe. A kuma daina watsa ruwa a kan faifan da ya yi zafi, yana iya lanƙwasa shi.

Wani zai ce duk wannan ƙarin kuɗi ne, talaka kuma fad kawai yake iya saya. Amma binciken nan kuɗin aiki ne kawai, robobin kalifa da gwangwanin man birki kuma ba su kai kuɗin fad sau uku da sabon faifai ba, balle ran fasinja. Don haka idan aka ce maka fad ne, ka ce: "Oga, na yarda a canza, amma don Allah a fara duba abin da ya cinye shi."