Tazarar da ke Tsakanin Fistan da Kan Inji

Motar haya da ta tafasa a hanyar da ta taso daga Kano, ta ratsa Wudil, ta bi ta Birnin Kudu zuwa Gwaram, yawanci ƙarshenta gareji ne, inda za a ɗaga kan inji, wanda kanikawa ke kira tof, a sake mata gaskit. Manufar wannan maƙala ita ce bayanin wata 'yar tazara da wannan aiki ke shafa, wadda kaurinta bai fi na ƙwayar gero ba.

Idan fistan ya hau har ƙarshen tafiyarsa a cikin silinda, ba ya taɓa tof. Abin da ya rage tsakaninsu abu biyu ne a haɗe: ɗan nisan da ke tsakanin saman fistan da bakin silinda, da kuma kaurin gaskit bayan an ɗaure shi. Masu haɗa injin motocin tsere a Amurka sukan bar wajen milimita 1 idan sandar da ke riƙe da fistan ta ƙarfe ce, su kai ta kusan milimita 1.5 idan ta alminiyam ce, domin alminiyam ya fi miƙewa in ya ɗauki zafi.

Dalilin barin tazarar a fili yake. Yayin da inji ke juyi dubu shida a minti, sandar takan ɗan miƙe, fistan kuma yakan ɗan karkata, to in wurin ya yi kaɗan sai ya daki tof. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne illar yawanta. Matsewar da fistan ke yi wa gaurayen mai da iska a wannan ƙunci ita ce ke feso shi zuwa wajen fulogi, ya gauraya sosai, ya ƙone da sauri. In tazarar ta yi faɗi, sai ragowar mai ya maƙale a gefe, ya fashe da kansa, a ji inji yana ƙwanƙwasa a hawa.

A nan ne dabarar ninka gaskit biyu take cutarwa. Tof na alminiyam, irin na Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, yakan lanƙwashe in ya sha zafi, sai a kai shi a kankare. Kankarar tana rage ɗakin ƙonewa, tana kuma kusanto da bawul ga fistan, amma a injin da gefen tof ɗinsa shafaffe ne ba ta rage tazarar da muke magana ba. Bakaniken da ya ƙara gaskit don ramuwa ya faɗaɗa ta ke nan, wato ya gudu bai tsira ba.

Awon kuwa ba ya bukatar tsada. A ɗora guntun lallausar wayar dalma a gefen fistan, a ɗaure tof, a juya inji da hannu sau ɗaya, sannan a kwance a auna kaurin dalmar da ta baje.