Idan Aure Ya Mutu A Dei-Dei, Ina Makomar 'Ya'ya?

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Zuba zuwa Kubwa ya san garin Dei-Dei da kasuwar kayan gini, da ta katako, da kuma karar dabbobi. Tun daga watan Disamba na 1991, lokacin da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja, jama'a ke ta kwararowa nan daga Kano da Katsina da Sakkwato da sauran garuruwa domin neman abinci. Da yawansu sun yi aure, sun kama ɗakin haya, sun hayayyafa. To, kamar ko'ina, a nan ma aure kan mutu, kuma kotun yanki mai daraja ta ɗaya da ke garin takan saurari ƙararrakin saki da na khul'i. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, bayan an rubuta takarda, wane hali yaran ke shiga?

A garuruwanmu na asali, idan mata da miji suka rabu, sau da yawa kaka tana kusa, gwaggo da inna ma ba su yi nisa ba, yaro ya wuni nan ya kwana can. A Dei-Dei kuwa yawancin mazauna baƙi ne. Ɗakin na miji ne tun da shi ke biyan haya, saboda haka matar takan tattara kayanta ta koma garinsu. In ta tafi da yaron, ya rabu da ubansa da makarantarsa da abokan wasansa rana ɗaya. In an ƙwace shi, uban yana kasuwa tun safe har magariba, sai a bar yaron hannun amarya ko maƙwabta, ko kuwa a aika da shi ƙauye wurin dangin da bai saba da su ba.

Wannan al'ada ta ƙwace yaro da zarar an yaye shi ba ta da tushe a mazhabar Malikiyya wadda alƙalanmu ke bi. A Risala da Muhtasar, uwa ce ta fi cancanta da hadana, watau riƙo da renon yaro, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta. Idan uwar ta rasu ko ta auri bare, riƙo ya koma hannun mahaifiyarta, sa'an nan 'yar'uwarta. Ci da sha da sutura kuwa suna wuyan uba, ko a hannun wa yaron yake. Amma malamai sun gindaya sharuɗɗa, ciki har da cewa in mai riƙo za ta ƙaura zuwa gari mai nisa, uba yana da ikon neman ɗansa. Wannan sharaɗi ya shafi mutanen Dei-Dei ƙwarai, shi ya sa ya fi kyau a kai maganar gaban malami ko alƙali maimakon kowa ya yanke wa kansa hukunci cikin fushi.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki kai tsaye a Babban Birnin Tarayya, ta ce a duk abin da ya shafi yaro, maslaharsa za a fara dubawa, ta kuma tabbatar masa da ilmin farko kyauta kuma dole. Waɗanda suka yi auren rajista kuwa, dokar aure ta 1970 ita ma ta ɗora maslahar 'ya'ya a kan komai.

Masana halayyar yara sun daɗe suna nazarin wannan al'amari. Wata malama a Jami'ar Bajiniya ta Amurka, Mavis Hetherington, ta bi diddigin iyalai kimanin 1,400 har kusan shekara 30, ta fitar da sakamakon a 2002. Ta gano cewa shekara biyun farko su ne mafi tsanani, kuma kimanin kashi 25 cikin 100 na 'ya'yan da iyayensu suka rabu sukan faɗa matsala mai tsanani, alhali a gidajen da aure bai mutu ba kashi 10 ne. Sauran kuwa, watau yara uku cikin huɗu, sun tashi lafiya lau. Ko da yake zamanmu ya bambanta da nasu, darasin ɗaya ne: gabar da ke biyo bayan saki ta fi sakin kansa cutar da yaro.

Saboda haka akwai abubuwa uku da ya kamata a tsayar gaban shaidu tun kafin matar ta hau mota: inda yaron zai zauna, nawa uban zai riƙa bayarwa kowane wata, da kuma lokacin da zai riƙa ganin wanda ba ya hannunsa. A yi ƙoƙari a bar shi ya ƙare zangon karatunsa, boko da Islamiyya, a kuma karɓi takardar canjin makaranta in tafiyar ta zama dole. Yau da wayar hannu ta wadata, ba hujjar da za ta sa yaro ya yi wata guda bai ji muryar uwarsa ko ta ubansa ba. Lokacin hutu da na salla kuma a kai shi ziyara, domin zumunta a ƙafa take.

Sa'an nan a gaya wa yaron gaskiya daidai hankalinsa, a nanata masa cewa ba laifinsa ba ne, gama ƙananan yara kan ɗauka ƙiriniyarsu ce ta kori uwarsu. Kada a mai da shi ɗan aike ko ɗan leƙen asiri, kada kuma a zagi ɗayan a gabansa, domin wanda ya zagi uwar yaro ya zagi rabin jikinsa. A sa ido kan alamu irin su fitsarin kwance bayan ya daina, da ƙin cin abinci, da yawan faɗa, da ja da baya a karatu. Waɗannan kuka ne, ba taurin kai ba, lallashi suke bukata, ba bulala ba. Matar uba da mijin uwa su ma su ji tsoron Allah, su daina goranta wa yaro da sunan agola.

Tun da dangi sun yi nisa, lalle ne limaman unguwa da shugabannin kasuwa da malaman Islamiyya su tsaya matsayinsu. Ɗan kasuwar da ya hana 'ya'yansa abinci don ya ƙuntata wa tsohuwar matarsa zai fi jin kunyar abokan sana'arsa bisa sammacin kotu. Igiyar aure tana tsinkewa, amma ba a raba hanta da jini. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon sauke amanarsu.