Geceme: abin da ya sa maganar iyaye ta fi shiga kunne kan allurar rigakafin yara

A komin ɗin Geceme, cikin gundumar Tibiri ta jahar Dosso, allurar rigakafin yara kyauta ce a likita, kamar ko'ina a Nijar. Duk da haka, akwai yaran da ake fara yi musu ba a ƙarasa ba. Sau da yawa aikin gona, nisan hanya, ko zazzaɓin da yaro ya yi bayan allurar farko ne ke hana uwa komawa.

Komawar kuwa ita ce ginshiƙi. Ranar haihuwa ana yi wa jariri allurar tarin fuka da ɗigon shan inna. A mako na 6, na 10 da na 14 sai allurar Penta, mai kare shi daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa. A wata na 9 sai ta ƙyanda da ta shawara. Wanda ya tsaya a rabi, kariyarsa ba ta cika ba. Haka allurar zazzaɓin cizon sauro da aka ƙaddamar a Gaya a watan Satumbar 2024: sau huɗu ake yin ta.

A nan ne amfanin iyaye yake. Malamin likita yana ganin uwa na ɗan lokaci, maƙwabciya kuwa kullum suna tare, a bakin rijiya, wajen daka ko wajen suna. Idan wadda ta kai 'ya'yanta ta ce zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu ne ya wuce, an fi yarda da ita. Shi ya sa ma'aikatar kiwon lafiya ke aiki da wakilan da al'umma ta zaɓa a cikinta. Haka kuma makarantun mazaje, da aka fara a jahar Damagaram da tallafin UNFPA, suna jawo magidanta, tunda izinin tafiya da kuɗin kabu-kabu galibi a hannunsu suke.

Sai dai hanyar da gaskiya ke bi, ita jita-jita ke bi, musamman yanzu da saƙon murya na WhatsApp ke zagaya ƙauyuka. A 2003 jita-jita ta sa an dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Sai da malamai, sarakuna da iyaye suka sa baki kafin aikin ya farfaɗo, kuma a watan Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka.

Saboda haka, uwa ko uban da zai faɗakar da wasu ya fara tambayar malamin likita. Ga kowane gida kuma: a duba karnen yaro. Idan ranar allura ta wuce, a kai shi. Ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ci gaba.