Makin Shiga Makarantar Likita: Wa Ke Yanke Shi?

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta saki sakamakon jarrabawarta, akan sami wani ruɗani a gidaje da makarantun sakandare na Ikara da Maƙarfi da Kudan. Ɗalibi ya nemi karatun likita, ya ci maki 215, sai kuma a ji a rediyo cewa mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150 ne, kamar yadda aka yanke a 2025. Gida ya kaure da murna, har abokai su fara kiransa Dakta. Bayan watanni jerin sunaye ya fito babu nasa, ko kuwa a ba shi fannin da bai nema ba, daga nan sai zargi ya tashi cewa an sayar da gurbinsa. Ba a rasa son kai a sha'anin ɗaukar ɗalibai, amma sau da yawa ba shi ne musabbabi ba. Makin da aka ji a rediyo daban, makin da ake shiga ajin likita da shi daban.

An kafa JAMB a 1978, kuma tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawarta. Mai neman likita yana amsa darussa huɗu, wato Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, jimillar maki 400. Adadin da ake sanarwa kowace shekara, shugabannin makarantu ne da hukumar suke amincewa da shi a taronsu, kuma ma'anarsa kawai ita ce ba a yarda wata jami'a ta ɗauki wanda ya gaza shi ba. A 2017 maki 120 ne, a 2024 kuwa 140. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata sama da haka, sa'an nan kowane fanni ya sake ɗagawa.

Abin da yake tura makin likita sama shi ne ƙarancin gurabe, kuma ba jami'a ce kaɗai take ƙayyade su ba. Majalisar Kula da Aikin Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wadda ake kira MDCN, ita ce take ziyartar kowace makaranta, ta duba ɗakunan gwaje-gwaje, ta ƙirga gadajen asibitin koyarwa da ƙwararrun likitocin da za su koyar, sa'an nan ta ce ga adadin ɗaliban da aka yarda a ɗauka. Dalilinta a fili yake: ba a koyon likita a jikin allo. Sai ɗalibi ya feɗe gawa da hannunsa, ya kara na'ura a ƙirjin majiyyaci ya saurara, ya tsaya a ɗakin haihuwa. Mutum hamsin ba sa kewaye gado guda su koyi wani abu. Makarantar da ta wuce adadinta tana jefa ɗalibanta cikin haɗarin rasa rajista, kuma wanda ba shi da rajistar majalisar ba shi da izinin duba marar lafiya a ƙasar nan, komai kyan takardarsa.

Saboda haka jami'a takan jera masu nema daga mafi maki zuwa ƙasa, ta yi ta ɗauka har gurabe su cika. Makin mutumin ƙarshe da ya shiga, shi ne ainihin makin shiga na wannan shekara. Ba wanda ya san shi tabbas kafin a gama, kamar dai farashin kwandon tumatir, wanda ba a saninsa sai an ga yawan kaya da yawan masu saye. A sakamakon farko na 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba. Ke nan mai 215 yana cikin kashi ɗaya bisa huɗu na sama a duk ƙasa, abin a yaba masa. Matsalarsa ita ce masu manyan maki fannin likita suke yi wa rububi, don haka a layin da ya shiga yana can kusa da baya.

Tun 2005 jami'o'i suna ƙara yin tasu tantancewar, su haɗa sakamakonta da makin JAMB, wasu ma har da darajar sakamakon WAEC ko NECO. A jami'o'in tarayya akan raba gurabe uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, kashi 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani. A ƙaddara gurabe 200 ne, rabon zai zama 90 da 70 da 40. Ɗan Ikara yana cikin yankin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta buɗe sashen likita a 1967, asibitinta kuma ya koma Shika a 2005. Sai dai yankin ya game jihohin Arewa da dama, don haka da 'ya'yan makarantun kuɗi na Kaduna da Kano da Jos zai kara. Akwai kuma Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, wadda ɗalibanta suke koyon aiki a asibitin da ya ci sunan Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa. Tun 2017 kuwa, duk gurbin da bai bi ta tsarin JAMB na intanet mai suna CAPS ba, ba gurbi ba ne.

A nan ya kamata malamai su lura, domin yawancin asarar tun ajin farko na babbar sakandare take faruwa. Ana bukatar kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, wasu jami'o'in ma a zama ɗaya. Yaron da ya gama sakandare bai taɓa gwaji da hannunsa ba, ko bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ya shiga fili da rauni, ko da ya fi kowa kai. Wanda ya rasa yana iya sake zama, ko ya bi ta IJMB ko makarantar share fage ta Funtuwa, amma waɗannan ƙofofi ma ba su da faɗi. Makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi ba ta yaye likitoci, wasu ma'aikatan lafiya take horarwa, waɗanda su ne ƙashin bayan asibitocin karkara.

Wanda ya shiga, shekara shida ke gabansa kafin digirin MBBS, kuma akan sallami wasu a babbar jarrabawar ilimin sassan jiki da aikinsu. Ko da yake ana kiransa Dakta, wannan digiri na farko ne. Zai yi shekara guda ta koyon aiki a ƙarƙashin manya, wata uku-uku a sashen cututtukan manya da tiyata da yara da mata, sa'an nan shekarar yi wa ƙasa hidima.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma ana yawan cakuɗa su. Ta farko ita ce ta ƙwarewa: likita ya ci jarrabawar share fage, ya sami gurbi a asibitin da aka amince da shi, yana aiki ana biyansa albashi, ya ci jarrabawar mataki na ɗaya, sa'an nan ta mataki na biyu tare da rubuta kundin bincike. Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, da aka kafa a 1979, da kwalejoji biyu na Afirka ta Yamma, ɗaya ta likitocin magani ɗaya ta tiyata, su ne suke ba da wannan shaida, kuma tafiyar takan ci shekara biyar zuwa shida, tiyatar ƙwaƙwalwa ma fiye. Ta biyu ita ce ta jami'a: digiri na biyu da na uku a fannoni kamar ilimin harhaɗa magunguna ko kiwon lafiyar al'umma. Tun 2008 Jami'ar Ahmadu Bello take cikin shirin horar da masu bin diddigin annoba, irin waɗanda ake turawa idan kwalara ko sanƙarau ya ɓarke. Wannan hanya tana da daraja, amma ba ta mayar da mutum ƙwararren likitan asibiti.

Yaron da ya shiga yana da shekara 17 zai zama ƙwararre yana da kamar 31, in ba a yi yajin aiki irin na wata takwas na 2022 ba. Waɗannan ƙwararru su ne majalisar take ƙirgawa idan ta zo yanke gurabe. Duk wanda ya tattara kayansa zuwa Saudiyya ko Ingila, ba majiyyata kaɗai ya bari ba, ya rage ma malaman da za a ƙirga a Shika idan masu duba makaranta suka sake zuwa.