Shirin da Ya Kamata Tawagar Gina Manhaja Ta Yi Kafin Ɗaukar Mataimaki Mai Ƙirƙirarriyar Basira

Tun daga watan Yunin 2021, lokacin da kamfanin GitHub ya fito da Copilot a matakin gwaji, masu gina manhaja suka samu abokin aiki da ke ba su shawarar layin da zai biyo baya tun suna cikin rubutu. Wannan mataimaki ya dogara ne da ƙirƙirarriyar basira, wato tsarin da aka horar da shi a kan ɗimbin kod, wanda shi ne rubutaccen umarnin da kwamfuta ke bi, har ya iya hasashen abin da ya fi dacewa ya zo a gaba. Daga baya aka samu irin su Cursor da Claude Code, waɗanda ke karanta fayiloli da dama, su yi gyara, su kuma gudanar da gwaji da kansu.

Binciken da aka yi a kan amfaninsa bai tsaya a kan magana ɗaya ba. A 2022 GitHub ya gwada mutum 95 a kan wani ƙaramin aiki, inda masu amfani da Copilot suka fi sauran sauri da kashi 55 cikin 100. Amma a 2025 cibiyar METR ta bi diddigin ƙwararru 16 da ke aiki a kan manyan manhajojin da suka daɗe da saninsu, sai ta tarar aikin ya ƙara ɗaukar su lokaci da kashi 19 cikin 100, alhali su a ganinsu sauri suka ƙara. Sauri kan haifi nawa, domin lokacin da aka rage wajen rubutu yakan koma wajen karantawa da gyara abin da na'urar ta rubuta.

Saboda haka shirin farko shi ne ƙarfafa bita, wato duba kod da wani abokin aiki ke yi kafin a haɗa shi da sauran. Mataimakin tamkar ɗan koyo ne a shagon tela, mai saurin hannu da kyan ɗinki, wanda bai san awon mai kayan ba. A 2021 masu bincike a Jami'ar New York sun gano cewa kusan kashi 40 cikin 100 na kod ɗin da Copilot ya rubuta a gwajinsu yana ɗauke da kafar da masu kutse za su iya bi. Haka kuma mataimakin yakan ƙago sunan ƙunshin kod da babu shi, wanda mugu zai iya yi wa rajista ya cusa ɓarna a ciki, don haka wajibi ne a tabbatar da kowane suna kafin a sauke ƙunshin.

Abu na biyu shi ne tsare sirri, domin abin da aka miƙa wa mataimakin yakan fita zuwa kwamfutocin wani kamfani, kuma dalilin da ya sa ke nan kamfanin Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da ChatGPT, wani mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira, a 2023 bayan wasunsu sun zuba kod ɗin kamfanin a ciki. Ya kamata tawaga ta rubuta abin da aka haramta miƙawa, musamman kalmomin sirri da bayanan abokan ciniki, ta kuma karanta yarjejeniyar kamfanin da ya samar da mataimakin game da adana bayanai.

Bayan nan sai a fara da mutum kaɗan da ayyuka ƙanana, kamar rubuta gwaje-gwaje ko bayyana tsohon kod, tare da ajiye fayil guda da ke fayyace ƙa'idojin tawagar domin mataimakin ya riƙa bi. A auna nasara da yawan kurakuran da suka kai ga masu amfani da manhajar, domin yawan layuka ba ya nuna inganci. Sababbin ma'aikata kuwa suna buƙatar kulawa ta musamman, saboda wanda bai koyi rubuta kod da hannunsa ba zai sha wahalar gane kuskure. Ƙa'idar da ya dace tawaga ta riƙe ita ce, kada kowa ya miƙa layin da ba zai iya bayyana shi ba, domin alhakin manhajar yana wuyan wanda ya sa hannu.